Dangwalen da ke Fayil na 212

Ranar da na kama aiki a ofishin kula da yara na unguwarmu a birnin Quetzaltenango, cikin shekarar 2011, abin da aka fara gaya mini shi ne kada in taɓa kabad-kabad ɗin ɗakin baya sai da izinin Doña Herminia. Ba ita ce shugaba ba, mai ajiyar fayiloli ce kawai. Amma ta riga kowa zuwa ginin da shekara talatin da ɗoriya, tun yana gidan marayu mai zaman kansa, kafin doka ta canja a rufe shi a mai da shi ofis. An sallami masu reno, an kwashe gadaje, shugabar gidan ta bar ƙasar, lauyan da ke yi musu aiki ya mutu. Takardun ne aka rasa yadda za a yi da su, sai aka bar su inda suke, aka bar Herminia Tzunún tare da su.

Gajeruwa ce, mai kitso biyu da furfura ta cinye, kullum cikin rigar sanyi ruwan toka ko da rana ta take. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi kwalin da na shigo da shi.

"Ke ce Floridalma mai kwamfuta? To, sannu da zuwa. In wuta ta ɗauke, yaran nan duk sun ɓace ke nan ko?"

Na ce akwai inda ake ajiye kwafi. Ta ce ita ma tana da inda take ajiye nata, ta ƙwanƙwasa goshinta da yatsa.

Aikina shi ne in ɗauki hoton kowace takarda in shigar a kwamfuta, domin yaran da aka ba Turawa riƙo aka haye teku da su sun girma, sun fara rubuto wasiƙu suna tambayar asalinsu. Fayil ɗari tara da goma sha huɗu ne, kowanne cikin bango ruwan ɗorawa: takardar haihuwa, rahoton likita, ɗan ƙaramin hoto, takardar da uwa ta amince ta ba da ɗanta, sai sa hannun lauya. Doña Herminia ta san su da lamba kamar yadda malamar makaranta ta san 'yan ajinta da suna. In rani ya yi takan fito da su kashi-kashi su sha iska, ta zuba kafur a kowace dirowa saboda ƙwari. Ba ta yarda a lashi yatsa a buɗe shafi ba. Sau ɗaya na yi, ta ce in dai miyau ne nake son bar wa tarihi, in nemi tawa takardar haihuwar in lasa.

Abu biyu ne na kasa ganewa a watannin farko. Ɗakin yana da taga guda mai kallon titi, amma an jingina mata wani ƙaton kabad na ƙarfe, har sai mun kunna fitila da rana tsaka. Sannan duk ranar Talata ba a gane kan Doña Herminia. Ba ta cin abincin da ta zo da shi, takan ƙure rediyo, in na yi mata magana sai na maimaita. Wani lokaci tana cikin aiki sai ta tsaya cak, ta karkata kai wajen kabad ɗin nan, kamar wadda aka kira sunanta daga nesa.

Labarinta kaɗan-kaɗan na tsinta. 'Yar garin Cantel ce, ubanta masaƙi, shi ya nace ta koyi buga tafireta don kada ta ƙare da ciwon baya a gaban masaƙa kamar yayyenta. Tana da shekara goma sha tara aka ɗauke ta a gidan marayun, saboda hannunta na da sauri, kuma tana jin yaren K'iche'. Shugabar gidan, wadda kowa ke kira Seño, ko gaisuwa ba ta iya da yaren ba, alhali yawancin matan da ke kawo yara daga kan duwatsu suke saukowa, ba su jin Sifaniyanci. Sai Herminia ta zama mai bugu kuma tafinta. Ba ta taɓa aure ba. Akwai wani direban bas da ya jira ta shekara biyu, ta ce da ya gaji sai ya auri mai sayar da lemo a tasha, ya huta ita ma ta huta.

A wata na biyu na lura da wani rubutu na fensir, ƙanana kamar tururuwa, a cikin ninkin bangon fayil, inda ba a gani sai an buɗe shi sosai. Takardar da aka buga ta ce ba a san uwa ba, an tsinci yaron a ƙofar coci. Fensir kuwa ya kawo sunan mace, ya ce daga Zunil take, majanyinta ja ne mai ratsin kore, haƙorinta na gaba ya karye. Na duba wani fayil, na sake duba wani. Kusan duk suna da shi. Da na tambaye ta, ba ta ɗago kai ba.

"Na tafireta, abin da aka ce in rubuta ne. Na fensir, abin da na gani ne."

Daga baya ne kwamfutar da take yi wa ba'a ta nuna mini wani abin. Matan da ba su iya sa hannu ba dangwala babban yatsa suke yi a ƙasan takardar amincewa. Da na faɗaɗa wani dangwale a allo, sai na ga farin layi ya ratsa shi a karkace. Kwana biyu bayan haka na sake ganin layin a fayil ɗin wata mata daga wani gari dabam. Na koma baya na ƙirga, arba'in da uku. Doña Herminia ta ce yatsan Brígida ne, mai dafa abincin gidan, wuƙa ce ta yanke ta tana feraye kabewa tun tana budurwa. In uwa ta ƙi dangwalawa, ko kuma ba a ma tambaye ta ba, sai Seño ta aika kicin a kira Brígida.

"A takarda Brígida ta haifi arba'in da uku," in ji ta, "ita kuwa baiwar Allah ko ɓari ba ta taɓa yi ba." Ta yi wani abu mai kama da dariya, ta ci gaba da jera fayiloli.

Na rubuta rahoto na ba shugaban ofis, shi kuma ya tura babban birni. Shekaru suka wuce ba amsa. Muka ci gaba da amsa wasiƙu, wanda fensir ya san uwarsa mu gaya masa a hankali, wanda bai sani ba mu ba shi haƙuri.

A watan Agusta na 2017 wata mata ta shigo da jaka a baya. Fuskarta tamu ce, irin ta mutanen garin Nahualá, amma tafiyarta da tsayuwarta na Turawa ne. Sunanta Annelies, ma'aikaciyar jinya ce a Beljiyam, shekarunta talatin da biyar. Sifaniyancinta na makaranta ne, sai ta auna kowace kalma kafin ta ajiye ta. Ta ce lambar fayil ɗinta 212. Doña Herminia ba ta tashi ta ɗauko ba, ni na ɗauko.

Annelies ta ce tana da kwafin takardun tun tana 'yar shekara goma sha shida, iyayen riƙonta ba su ɓoye mata komai ba. Ta san sunan da ke jiki wataƙila na bogi ne, an gaya mata haka ake yi a lokacin. Amma akwai abu ɗaya da ba za a iya ƙirƙira ba. Ta naɗe hannun rigarta. A cikin damtsenta na hagu, inda fata ta fi laushi, an zana dangwalen yatsa da allura, irin zanen da ba ya goguwa, an faɗaɗa shi ya kai girman ƙwai.

"Shi kaɗai ne abin da uwata ta taɓa wanda ni ma na taɓa," ta ce. "In na shiga damuwa nakan ɗora yatsana a kai."

Na saci kallon zanen, babu layin Brígida, har na ji sanyi a raina. Da na waiwaya, kujerar Doña Herminia babu kowa.

A tsakar gida na same ta, bakin tsohon kwamin wanki na siminti inda a da ake wanke tsummokin jarirai. Ta dafa shi da hannu biyu. Nan ta gaya mini, a tsaye, ba tare da ta dube ni ba.

Da daminar 1983 wata mata mai suna Pascuala Guarchaj ta sauko daga Nahualá da 'yarta mai wata goma sha huɗu, ƙyanda ta kama ta ga tari. Ta ji an ce gidan yana da likita. Aka ce ta bar yarinyar mako biyu. Cikin makon biyun nan yarinyar ta warke, kuma lauya ya kawo hoton wasu Turawa miji da mata masu neman 'yar riƙo, tsaye gaban gida mai jan rufi. Ranar Talata, ranar da motar Nahualá ke shigowa kasuwa, Pascuala ta zo tagar nan tare da babbar 'yarta, ta kawo ƙwai shida a ƙulle don godiya. Seño ta tsaya bayan Herminia ta ce ta gaya mata yarinyar ta rasu, an binne ta da gaggawa saboda cutar tana yaɗuwa. Herminia ta faɗa da K'iche', kalma bayan kalma. Bango ɗaya ne tsakaninsu da ɗakin jarirai, kuma yarinyar tana kuka a lokacin. Herminia ta san kukan. Uwar ma ta karkata kai tana saurare, amma yara goma sha biyu ne a ɗakin.

Da azahar ɗin ranar lauya yana cikin mota yana jira, Brígida kuwa ta tafi ƙauyensu jana'iza.

"Seño ba ta ma kama hannuna ba, Flori. Tawadar kawai ta turo gabana. Ni na ɗaga yatsana na dangwala."

Pascuala ba ta daina zuwa ba. Duk Talata takan ƙwanƙwasa gilashin tagar sau biyu, ba hayaniya, ta tambayi inda kabarin yake don ta kai furanni. Herminia takan ce ba ta sani ba. Shekara goma sha ɗaya ana haka, har ranar da ta roƙi masu gadi suka tura kabad suka toshe tagar. Ko matar ta ci gaba da zuwa bayan nan, ba ta sani ba, domin ita dai ba ta daina jin ƙwanƙwasar ba, har ranar da muke maganar.

Na tambaye ta me ya hana ta barin aikin. Ta ce in ta tafi wa zai riƙa yin na fensir. Sai ta girgiza kai ta ce kada in yarda da wannan, daga baya ta ƙirƙiro shi don ta iya barci. Tsoro ne kawai, shekarun yaƙi ne, mai yawan magana ba ya kwana a gidansa, ita kuma tana son kujerarta.

Ni ce na ba ta shawarar a yi shiru, ba zan ɓoye ba. Na ce mu nuna wa Annelies rubutun fensir, ta je ta nemi danginta, maganar yatsa kuwa a bar ta, tunda ba abin da za ta ƙara mata sai ciwo. Doña Herminia ta saki kwamin ta juyo.

"Na yi wa uwar ƙarya. Yanzu kuma in yi wa 'yar?"

Ta koma ciki ta buɗe dirowa, ta ɗauko tawadar hatimi da farar takarda. Ta dangwala yatsanta, ta tura takardar kusa da damtsen Annelies, sannan ta faɗi duk abin da ta gaya mini, a hankali, da Sifaniyanci mai sauƙi don kada kalma ta wuce ta. Annelies ta dubi takardar, ta dubi hannunta, ta sake duban takardar. Ta sauke hannun rigar ta ɓalle maɓalli, ta ɗauki jakarta ta fita. Ko ƙofa ba ta buga ba.

Kwana uku ba mu gan ta ba. A na huɗu ta dawo da safe, idanunta a kumbure, ta tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce tana bukatar tafinta zuwa Nahualá. Na ce zan samo mata wani malamin makaranta da na sani. Ta ce a'a, ta nuna Doña Herminia da haɓa, ta ce ita za ta kai ta.

Fensir ya ce gidan yana gefen rafi, mijin Pascuala mai sassaƙa dutsen niƙa ne. Muka shiga bas mu uku. Sau biyu kawai muka yi tambaya. A wani gida mai shingen karan masara muka tarar da wata mata durƙushe tana saƙa, ta ɗaure zaren a jikin bishiya. Da ta ɗago ta ga Annelies, sai sandar saƙar ta zame daga hannunta. Micaela ce, babbar 'yar da ta raka uwarta taga. Daga baya ta ce ta ɗauka uwarsu ce ta dawo da ƙuruciyarta cikin wandon Turawa. Pascuala ta rasu tun 2009, mijin ya riga ta.

Doña Herminia ta fara gaisuwa da K'iche' yadda ake yi, ba ta kai ƙarshe ba Micaela ta juyo gare ta.

"Na san muryar nan. Ke ce ta taga."

Daga nan Micaela ta yi ta magana, ba ta ɗaga murya ba, Doña Herminia tana juya wa Annelies zuwa Sifaniyanci. Ina jin K'iche' kaɗan daga wajen kakata, wanda ya isa in shaida cewa ba ta rage komai ba, ba ta kuma sassauta ba.

"Ta ce ni ce na gaya wa uwarku kin mutu. Ta ce uwarku ta zube a bakin titi ranar, ita ce ta riƙe ta har tasha tana 'yar shekara tara. Ta ce uwarku ba ta taɓa yarda ba, tunda ba a ba ta gawa ba. In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, takan ce biyar, huɗu a gida. Ta ce sunanki Antonia, Tona suke ce miki. Ta ce in Allah yana ji, ya ji abin da ta daɗe tana roƙa a kaina."

Maƙwabta suka taru a bakin shinge. Aka kawo kunun masara mai zafi, aka miƙa mini, aka miƙa wa Annelies, aka tsallake Doña Herminia. Can da muryarta ta fara dishewa, Micaela ta ce da 'yarta, ba tare da ta waiwaya ba, "Ba ta ta sha. Ban gama ba."

Har la'asar suna zaune, ya da ƙanwa, gwiwa na taɓa gwiwa, duk abin da ɗaya za ta gaya wa ɗaya sai ya bi ta bakin matar nan. Da aka tafi maƙabarta ziyarar kabarin Pascuala, Doña Herminia ta tsaya a ƙofa, ba wanda ya ce ta shigo. A bas ɗin komawa mu biyu ne, Annelies ta kwana can.

Bayan wannan tafiyar Doña Herminia ta je da ƙafarta gaban mai gabatar da ƙara, ta yi rantsuwa, ta kwana biyu tana ba da bayani. Ba a ɗaure ta ba, waɗanda ya kamata su amsa tambaya duk sun mutu ko sun yi nisa. Wasu a unguwarsu suka daina gaishe ta, wasu mata biyu kuma suka zo har ofis da hotuna suna tambaya ko ta tuna su. Ta tuna ɗaya. Cikin shekara biyu muka bi fayilolin kaf, ina karantawa tana ƙara abin da ta tuna, muka haɗa mutum talatin da ɗaya da danginsu. Ba duka suka yi daɗi ba. Akwai uban da ya ce ba shi da wani ɗa a Turai, ya rufe ƙofa.

Annelies tana zuwa Nahualá duk shekara, ta koyi yaren daidai yadda ba ta bukatar kowa a tsakani. Ba ta sake tako ofishinmu ba. Ni takan rubuto wa jefi-jefi. Ta ce sau biyu tana zuwa wajen masu goge zane tana fasawa, ba ta san dalili ba, yanzu dai riga mai dogon hannu take sawa. Ba ta taɓa tambayar lafiyar Doña Herminia ba, ita ma Doña Herminia ba ta ce ya kamata ba.

A 2019 yanar ido ta rufe mata gani, ta ajiye aiki ta koma Cantel wajen 'yar ƙaninta. Nakan je ranar Lahadi in na samu hali, in kai mata burodi mai zaƙi, ta ce na yi ƙiba ko da yake ba ta ganina. Zuwan da na yi na ƙarshe, na tafi da wasiƙar wani mutum daga Kanada, direban jirgin ƙasa, fayil na 587. Takardarsa ta ce an tsince shi a tasha. Na karanta mata ranar da watan, tana zaune a rana da bargo a gwiwa.

Ta gyara bargon. Sannan ta ce ta tuna ranar, ba a tasha aka tsince shi ba, mace ce ta kawo shi. Seño ta tsaya a kanta ita Herminia tun daga farko har ƙarshe, don haka ba ta ɗaga ido ta ga fuskar ba, sunan ma ba a bari an faɗa ba. Ƙafafun kawai ta gani ta ƙarƙashin tebur. Babu takalmi, laka ja ta bushe har idon sawu, an ɗaure ƙaramin yatsan ƙafar dama da tsumma shuɗi. Ta ce jar laka irin wannan ba ta nan kusa ba ce, ta gangaren teku ce, inda ake noman kofi. Ta fara jero sunayen garuruwan wajen ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa bayan kowanne tana saurare, har 'yar ƙanin nata ta leƙo ta ce abinci ya huce.